Kafin a Ɗaga Taɓarya

Ranar da Fuseina ta iso Aboabo
ruwa ake yi, irin na Kumasi mai shiga ƙashi.
Jaka ɗaya, yaro ɗaya,
ido ɗaya a rufe kamar an ɗinke shi da baƙin zare.
Ni tela ne, na san ɗinki.
Wannan ba aikin allura ba ne.

Ban tambaye ta komai ba,
don na riga na san amsar.
Bara waccan ta kira ni da tsakar dare,
na ce ta yi haƙuri, gari zai waye.
Garin ya waye. Ga abin da ya kawo.

Na naɗe tabarmata zuwa shago, na bar musu ɗakin.
Kwana tara tana barci da takalmi a ƙafa.
Mutala kuwa, ɗan shekara shida,
mai cika mana kunne da sunayen motocin Kejetiya,
ya haɗiye harshensa.
In ka miƙa masa koko
sai ya kare kai da hannu
kafin ya gane kofi ne.

Gidanmu na haya ne, ɗaki sha ɗaya, famfo ɗaya.
Ƙarfe huɗu Maame Akosuwa ke dakan sakwara.
Dum. Dum.
Na tarar da yaron ƙarƙashin kekena,
cikin ƙyallaye, wando jiƙe,
yana cizon gwiwa don kada kuka ya fito.
Ashe a can gidan, kuka ma laifi ne.

Masu magana suka zo.
Wani ya ce iska ce, a nemo hayaƙi.
Wata ta ce, wace ce a cikinmu ba a taɓa mara ba?
Dattijon unguwa ya ce harshe da haƙori ma suna saɓawa.
Na ce, Baba, wane haƙori ne
ya taɓa karya wa harshe haƙarƙari biyu?
Har yau da hanci yake amsa gaisuwata.

Wata nas a Manhyia, mai tabo a haɓa,
ta duba Fuseina, ta rubuta abin da ta gani,
sannan ta ja ni gefe.
Ta ce jiki na da littafin bashinsa,
ba ya yafewa don baki ya ce an yafe.
Kada ku ce masa ya manta.
Ku riƙa faɗa masa abin da zai faru
kafin ya faru.

Na kai maganar ga Maame Akosuwa
da guntun Tuwi na, ita da guntuwar Hausarta.
Ba ta ce uffan ba.
Washegari ƙarfe huɗu ta tsaya bakin shago,
zani a ƙirji, rogo na turiri:
Mutala, zan daka!
Ta jira. Rogon na hucewa, ta jira,
sai da ya ɗaga mata kai.
Haka gobe. Haka jibi.
Sakwararta ta yi gudaje wata guda,
mijinta ya ci bai tanka ba.

Ran wata Laraba ina tsakar ɗinkin anko
na ji murya daga ƙarƙashin tebur,
'yar siririya, kamar an daɗe da ajiye ta a akwati:
Kawu, zarenka ya ƙare.
Ban juya ba. Na ce, miƙo min shuɗin.
Idona ya ƙi ganin kafar allura.

Kada ka ɗauka an gama.
Har yanzu Fuseina na zabura in waya ta yi ƙara.
Takalmin dai yana bakin ƙofa,
amma bakinsa na kallon waje.
Jiya iska ta buga ƙyaure,
yaron ya koma cikin ƙyallayensa.
Na sauka ƙasa, ni da ciwon bayana,
na zazzage gwangwanin maɓallai a tsakaninmu.
Shi farare, ni baƙaƙe.
Mun kai ɗari da sha huɗu aka kira la'asar.